Amsoshin Tambayoyinku: Mai rubuta manhaja a ƙasar Sin, yaya yake ciki da zuwan AI?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili naku. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ƙurarre ne, don haka bismillah.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram yana tambaya, wai DeepSeek ɗin nan, manhajar AI da ake yi wa tambaya ta ba da amsa, na Amurka ne? A'a malam, na Sin ne. Kamfanin yana birnin Hangzhou, Liang Wenfeng ne ya kafa shi a 2023, ya kuma yi tashe a duniya a watan Janairun 2025.

Sai wata baiwar Allah daga Kumasi, ta ce ko ChatGPT na aiki a Sin? A hukumance ba ya aiki, Hajiya. Suna da nasu, irin su Qwen na Alibaba da Doubao na ByteDance. Ita wannan tambaya kullum sai kin aiko ta, yau dai Allah Ya yi, sai ki bar mu mu huta.

Yanzu ga babbar tambayar, wadda ta zo daga Kano da Yamai da Garwa, kusan da lafazi ɗaya. Matasa ne masu koyon rubuta manhaja. Sun ce sun ji labarin a Sin masu wannan sana'a da ke cin gashin kansu, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin wani kamfani, ƙirƙirarriyar basira ta AI ta raba su da abincinsu. Gaskiya ne? Mun gayyato wani injiniyan kwamfuta da ya yi karatu a can. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai. Wato kafin a zo ga AI, sai an san abin da ke fitar da mutum daga kamfani tun farko. Akwai tsarin da suke kira 996, a shiga aiki tara na safe a tashi tara na dare, kwana shida a mako. A 2019 masu rubuta manhaja suka yi bore a kansa a GitHub, dandalin intanet da suke ajiye ayyukansu, Jack Ma na Alibaba kuwa ya fito ya ce wai alheri ne. Sai a watan Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka. Ni fa na ga hasken ofisoshin nan da idona, ƙarfe goma na dare kamar rana, ga masu kai abinci a babur sun yi layi a ƙofa, abincin ma da araha...

Injiniya, mu bar abincin nan tukuna. AI suka tambaya.

Injiniya: Ina zuwa. Abu na biyu shi ne shekara 35. A can idan ka kai 35 kamfanonin fasaha sai su fara yi maka kallon tsoho. Da yawa daga masu cin gashin kan nan ba ra'ayinsu ba ne, sallamarsu aka yi. Sai mutum ya koma neman ƙananan kwangiloli a dandali irin Zhubajie, ko ya riƙa haɗa wa masu shaguna 'yan ƙananan manhajojin da ke aiki a cikin WeChat, babbar manhajar aika saƙo ta Sin. To wannan ƙaramin aikin shi AI ya fara taɓawa. Shafin da a da zai ci mako guda yanzu a yini an gama. Mai ba da aikin ma ya sani, don haka sai ya karya farashi. Aiki ya yi sauri, kuɗi sun ragu, masu nema sun ƙaru.

Bari in maimaita don wanda rediyonsa ke shi-shi-shi. Aikin yana nan, farashinsa ne ya faɗi, masu rububinsa kuma suka yi yawa. Haka ne?

Injiniya: Haka ne. Amma akwai ɗaya gefen. A ƙarshen 2024 wani mutum da ba ma mai rubuta manhaja ba ne ya yi amfani da Cursor, wata manhajar AI mai taya mutum rubuta manhaja, ya haɗa 'yar manhajar da ke mayar da fuskar waya fitila, don masu ɗaukar kansu hoto su samu haske mai kyau. Ta hau saman jerin manhajojin saye na App Store, kasuwar manhajoji ta kamfanin Apple, a Sin. Abin da ya fi ƙwararru da shi, ya lura da abin da 'yan mata ke buƙata. Su kuwa ƙwararrun, har ba'a suke yi wa junansu cewa kowa abu uku yake yi: manhajar rubuta bayanai, ta lissafin kashe kuɗi, da ta jerin ayyukan yini. Kowa ya ɗinka riga iri ɗaya ya kai kasuwa, wa zai saya?

To rayuwar tasu fa, ta yau da kullum?

Injiniya: Wasu sun gudu daga tsadar haya a Beijing da Shenzhen sun koma wurare irin Dali a lardin Yunnan, ga iska mai daɗi ga araha. Sai dai kuɗin fansho da inshorar lafiya, wanda a da kamfani ke ɗaukar kaso mai tsoka, yanzu duk a wuyan mai cin gashin kansa yake. Ga iyaye suna ta tambayar yaushe zai samu aiki na gaske. Shi ya sa da yawa suka karkata ga sayar wa ƙasashen waje, inda ake biya da dala. Nan ma da ƙaya. A 2023 'yan sanda a birnin Chengde sun ƙwace sama da yuan miliyan 1, kuɗin Sin, daga wani da ke yi wa kamfanin waje aiki, saboda ya bi ta VPN ya tsallake shingen intanet na ƙasar. Labarin ya tsorata mutane ƙwarai.

Allah Ya kyauta. To 'yan'uwa na Kano da Yamai da Garwa, kun dai ji. Ni a nawa ganin, kuma ra'ayina ne ba na gidan rediyo ba, ban ga dalilin ajiye karatu ba. Na lura wani a cikinku ya rubuta cewa har ya daina zuwa aji tun da ya ji wannan labari. Haba malam! Mutumin Sin da kake magana a kansa yana gogayya ne da miliyoyin irinsa. Kai kuwa a unguwarku mai kemis nawa ne har gobe ke rubuta bashi a littafi? Ka koma aji, ka koyi aiki da AI ɗin, sannan idan ya yi kuskure ka iya gano inda ya yi, don ranar da manhaja ta tsaya kai za a kira a waya.

Saura minti ɗaya. Wani daga Agadas ya ce ko sai ya iya Sinanci kafin ya yi amfani da DeepSeek? A'a, yana jin Turanci da Faransanci, Hausarsa ce dai sai a hankali. Mai tambaya kan kuɗin jirgi zuwa Guangzhou, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa. Injiniya, mun gode. A ci gaba da aiko da saƙonni, amma don Allah a riƙa taƙaitawa. Mu kwana lafiya.