Fodkas: Da wa kake, kuma wace magana kake amsawa?

Malama Asma'u: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Sakkwato. Yau zaurukan WhatsApp za mu shiga. Malam Bello, zaure guda yana ɗaukar mutum 1024, sai wani ya tashi ya rubuta "wannan ƙarya ce" kurum.

Malam Bello: To, wace ce ƙaryar? Ana cikin jajen rasuwa, wani na tallar albasar Goronyo, wani ya kawo batun siyasa, duk cikin minti goma. Kowane daga cikinsu zai ɗauka da shi ake. Rigimar da ta biyo baya ba daga ra'ayin take ba, daga rashin nuna saƙon da ake nufi take.

Nasiru: Kuma gyaran ba shi da wuya, Malam. Ka ɗora yatsa bisa saƙon ka ja shi dama, sai ya fito saman wurin rubutu. Ko ka danne shi har kibiya mai lanƙwasa ta bayyana, ka taɓa ta. Wanda ya zo daga baya, in ya taɓa guntun nan da ke saman amsarka, wayar za ta kai shi ga asalin saƙon.

Malama Asma'u: Amma Nasiru, in saƙon dogo ne fa? Farkonsa kaɗai ke fitowa.

Nasiru: Nan ake tuntuɓe, Malama. Mutum ya yi sakin layi biyar, kai kuma na huɗu kake ja da shi. Sai ka kwafo wannan jimlar, ka sa ta cikin alamar zance, ka bar layi guda, sannan ka rubuta naka a ƙasa.

Malam Bello: Wannan ai tsohuwar al'adarmu ce. Duk wanda ya duba rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello zai ga sukan ambaci malamin da suka ɗauko maganarsa, su kawo ta, in ta ƙare su rubuta "intaha". Ma'ana nan tasa ta tsaya, abin da ya biyo nawa ne. Yau sai ka ga an turo fatawar malami an liƙa mata sharhi a gindi babu shamaki, mai karatu ya ɗora wa malamin abin da bai faɗa ba. Kuma kada a gutsure. Wanda ya ce "ya halatta, in dai an cika sharaɗi kaza", ka yanke rabin ƙarshe, ka yi masa ƙazafi da kalmominsa.

Malama Asma'u: Saƙon murya fa?

Nasiru: Ka faɗi wurin: "abin da ka ce a minti na biyu da daƙiƙa 40". Ba wanda zai sake sauraren minti tara don ya gano me kake nufi.

Malam Bello: Sai batun "amin". Mutum ɗari biyu kowa ya jawo sanarwar rasuwa ya rubuta amin, lokacin jana'iza ya nutse can sama. Addu'a ba laifi ba ce, amma wanda ke son ta'aziyya ta gaske ya nemi wanda aka yi wa rasuwar shi kaɗai.

Nasiru: Akwai hanyarsa. Ka danne saƙon, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama in Android ce, ka zaɓi amsa a keɓance. Haka ma in za ka gyara wa babba kuskure, ka bi ta nan, ba a gaban ƙannensa ba.

Malama Asma'u: In kuma ni ce na yi kuskuren?

Nasiru: Tun 2023 ana iya gyara saƙo, amma cikin minti 15 da turawa, kuma alama za ta nuna an gyara. In wani ya riga ya amsa, ki faɗa a fili cewa kin canza, kar amsarsa ta koma kamar ta wanda bai fahimta ba. Wani abu da mutane ba su lura da shi: a zauren da aka kunna saƙonni masu ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko 90, guntun da aka jawo cikin amsa yana iya zama bayan asalin ya tafi.

Malam Bello: Ka ga kenan mai jawo maganar wani ya fara duba ko mai ita yana son ta daɗe.

Malama Asma'u: Nan za mu dakata. Malam Bello, Nasiru, Allah ya saka da alheri.