Amsoshin Tambayoyinku: Me Baƙo Zai Gani a Manchester Ban da Ƙwallo?

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan birni guda, wato Manchester da ke arewa maso yammacin Ingila. Muna tare da Malam, masanin tarihin masana'antu, da kuma Hajiya, wadda aikinta shi ne yi wa baƙi jagora a birnin. Bari mu fara da gajerun.

Wani daga Damagaram yana tambayar nisan birnin daga Landan. Awa biyu ne da 'yan mintuna a jirgin ƙasa, daga tashar Euston zuwa Piccadilly, kuma tikitin da aka saya da wuri ya fi na ranar tafiya araha nesa ba kusa ba. Wata daga Kumasi tana son ta san ko bizar Faransa za ta shigar da ita. A'a 'yar'uwa, Birtaniya bizarta daban take.

To, ga babbar tambayar. Ta zo daga Funtuwa, ta zo daga Garwa, ta kuma zo daga Kakuri a Kaduna: me ya sa ake ce wa Manchester birnin auduga alhali auduga ba ta fitowa a Ingila, kuma me ya rage na masaƙun da baƙo zai gani? Allah gafarta Malam, bismillah.

MALAM: Gaskiya ne, ko ƙwara ɗaya ba a nomawa a can. A wancan zamani a jirgin ruwa ake kawo ta tashar Liverpool, mafi yawanta daga kudancin Amurka inda bayi baƙar fata ke noma ta, sai Indiya da Masar. Abin da Manchester ke da shi shi ne kwal a kusa, da rafuka, da iska mai laima. Mai kaɗi ya sani, a busasshiyar iska zare tsinkewa yake yi. A 1761 aka haƙa mashigin ruwa na Bridgewater daga ramukan kwal na Worsley zuwa cikin gari, kuɗin kwal ya faɗi da kusan rabi, injuna masu aiki da tururi suka samu abinci. Zuwa 1853 masaƙu 108 ne a cikin birnin kaɗai. Kuma mutanen Funtuwa su saurara da kyau, abin ya taɓa su. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester don nemo auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka, ita ce ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau. Har layin dogon da ya iso Kano a 1911, kwaɗayin auduga na cikin dalilansa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, masaƙan gida kuma suna sayen audugar da farashin da ya fi na Turawa...

MAI GABATARWA: Malam, ka kai mu Kano, mu kuwa Manchester muka nufa. Me ya rage?

MALAM: To ai da sauran magana, amma Hajiya ta fi ni sanin lungunan.

HAJIYA: Mai kwana ɗaya ya fara da gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke titin Liverpool Road. Shiga kyauta ne, amma a kama tikiti ta intanet kafin a je, a kuma duba wane sashe ne a buɗe, don an jima ana gyaran gine-ginen bi da bi. A harabar ne tashar jirgin fasinja ta 1830 take, babu wadda ta girme ta cikin waɗanda suka rage a duniya. A sashen saƙa kuma ana tayar da tsofaffin injuna a gaban jama'a. Da isa a tambayi lokacin da za a kunna su. Yawancin baƙi nan suke yin asara: su zagaya su ga ƙarafa a tsaye shiru, su fita ana saura minti goma a tayar.

MAI GABATARWA: A maimaita wannan, Hajiya.

HAJIYA: A tambayi lokacin kunna injuna tun daga ƙofa. In an kunna, mai bayani zai bi da kai aikin daki-daki. Ana kwance dilar auduga a kaɗe ƙasa da ƙaiƙayi. Sai injin shiɓa, mai ganguna masu haƙoran waya, ya taje ta ta fito kamar igiya mai laushi. Sai a haɗa irin waɗannan da yawa a ja su tare don kaurinsu ya daidaita, in ba haka ba zaren zai fito wani wuri kauri wani wuri siriri, ya riƙa tsinkewa a wajen saƙa. Daga nan injin kaɗi, wanda manyansa a masaƙun da ke ɗauke da mazari fiye da dubu a jere, yana fita yana komawa a kan ƙafafun ƙarfe. Ƙarshe injin saƙa, ƙoshiya na kai da kawo ido ba ya iya bin ta. Inji ɗaya ne ko biyu za a kunna, amma sai ka toshe kunne. To ka ƙiyasta ɗaruruwa a ɗaki guda.

MALAM: Shi ya sa da yawansu suka kurumce, har suka koyi gane magana daga motsin leɓe. Ƙurar audugar tana cin huhu, ga gobara, ga yara da ake sa wa rarrafe ƙarƙashin inji yana aiki suna share abin da ya zuba. A 1819 aka yi dokar da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba a masaƙar auduga, amma ba ta yi tasiri ba sai da aka ƙarfafa ta da dokar 1833. Ni a ganina duk wanda ya je ya kamata ya tsaya a kan wannan, kada ƙyallin ƙarfe ya ɗauke masa hankali.

HAJIYA: A wannan gidan dai akwai kwafin kwamfutar nan ta 1948 da aka ƙera a Jami'ar Manchester, ta farko da ta riƙe umarnin aikinta a cikin ƙwaƙwalwarta. Da ka fito, Castlefield na nan dab, inda mashigin Bridgewater ya ƙare, ga manyan gadojin jirgin ƙasa a sama, ga kufan sansanin Rumawa. Sai a bi titin Deansgate a ƙafa zuwa ɗakin karatu na John Rylands, wanda matar wani attajirin auduga ta gina don tunawa da mijinta, aka buɗe shi a 1900. Suna da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci, har da kwafe-kwafen Alƙur'ani mai girma. Ba kullum suke buɗewa ba, a duba ranakun. Gaba kaɗan akwai Royal Exchange, kasuwar da ake yanke farashin auduga. An daina ciniki a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma ka ɗaga kai za ka ga allon farashin ranar ƙarshe yana nan yadda aka bar shi. Masaƙun kansu kuwa suna unguwar Ancoats, bayan tashar Piccadilly, dogayen benaye na jan bulo a bakin ruwa. Mafi tsufa cikin masaƙun da wasu 'yan'uwa masu suna Murray suka gina tun 1798 take. An mai da su gidajen kwana da ofisoshi, saboda haka daga waje ake kallo, kada a kutsa gidan mutane.

MAI GABATARWA: Mai son ganin masaƙa sukutum fa?

HAJIYA: Ya ware yini guda ya je Quarry Bank a ƙauyen Styal, kusa da filin jirgin sama. An gina ta a 1784 a bakin kogin Bollin. Ita ana biya. Akwai ƙatuwar ƙafar ƙarfe da ruwa ke juyawa, da gidan da ake ajiye yara marasa galihu masu aikin masaƙar.

MAI GABATARWA: Madalla. Yanzu sai 'yan ƙwallo, waɗanda wasiƙunsu suka fi na kowa yawa. Wani daga Gwambe ya cika shafi biyu da yabon United, tambayar tana layin ƙarshe. Ɗan'uwa, a riƙa tausaya wa mai karatu. Yana tambayar yadda ake zuwa Old Trafford.

HAJIYA: A hau jirgin cikin gari na Metrolink. Kuskuren da ake yi shi ne sauka a tashar da ake kira Old Trafford, ita kuwa a bakin filin wasan kurket take, sai an ƙara tafiyar minti goma ko fiye a ƙafa. Tashar Wharfside ta fi kusa. A taɓa katin banki a na'urar da ke tasha kafin a hau, a sake taɓa wannan katin dai bayan an sauka. Wanda ya manta, ko ya hau da kati ya sauka da waya, za a cire masa kuɗi fiye da na tafiyarsa. Zagayen cikin filin sai an kama wuri tun da wuri, kuma kada a sa rai da shi ranar wasa. Tikitin wasa kuwa kada a saya a hannun 'yan bakin titi, doka ta hana, kuma ana iya mai da mutum daga ƙofa. Mai bin City ya sauka a Etihad Campus.

MALAM: Ƙwallon ma ai daga masana'antar ta fito. Ma'aikatan gyaran taragun jirgin ƙasa ne suka kafa United a 1878 da sunan Newton Heath. Filin City, da aka gina don wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, a wurin tsohon ramin kwal yake. Sannan daga Old Trafford ka tsallaka ruwa kana Salford Quays, ƙarshen mashigin kilomita 58 da aka buɗe a 1894 don manyan jirage su shigo har cikin gari ba sai an biya Liverpool ba. An rufe tashar jiragen ruwan a 1982, yanzu gidajen tarihi ne da gidajen rediyo da talabijin.

MAI GABATARWA: Wata ɗaliba daga Yamai ta ce ko akwai abin da ya shafi Afirka kai tsaye. Malam, a taƙaice don Allah.

MALAM: Akwai. A watan Oktoban 1945 aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a zauren Chorlton-on-Medlock, su Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suka halarta. Fuskar ginin tana nan a unguwar All Saints, kusa da titin Oxford Road, da allon tunawa a jikinta.

MAI GABATARWA: Mu koma ga mutumin Kakuri, don tambayarsa tana da wutsiya: ko rufaffun masaƙun Kaduna za su iya zama haka?

MALAM: Akwai dangantaka ma, don masaƙar KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire, yankin masaƙun da ke maƙwabtaka da Manchester, aka kafa ta. Amma a yi hattara. Manchester ta sha wuya kafin ta kai nan. Tun bayan yaƙin duniya na farko Indiya da Japan suka ƙwace mata kasuwa, masaƙu suka yi ta rufewa, Ancoats ta shekara da shekaru kufai. Abin da ya ceci gine-ginen shi ne dokar hana rushe su, sannan aka gyara rufi, don da zarar ruwa ya shiga bene ya fara mutuwa. Na biyu, ba a sayar da dukan injuna ga 'yan gwangwan ba. Na uku, an naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikata tun suna raye. Wannan na ukun ba ya bukatar kuɗin gwamnati, wayar hannu ta isa, kuma tsofaffin ma'aikatan Kakuri suna nan da ransu. Ni dai na fi son masaƙun su dawo aiki, amma ko sun dawo a ware ɗaki guda a adana tsofaffin injuna.

MAI GABATARWA: Matasan Kaduna kun ji. Saura minti ɗaya, Hajiya: abinci da salla da yanayi, tambayar wata baiwar Allah daga Marwa.

HAJIYA: Abincin halal ya wadata a titin Wilmslow Road da ke Rusholme, babban masallaci kuma yana Victoria Park, nan kusa. A zo tsakanin Mayu da Satumba, lokacin rana tana daɗewa ba ta faɗi ba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Rigar ruwa kuwa kowane wata a riƙe ta.

MAI GABATARWA: Malam, Hajiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma a riƙa rubuta sunan gari. A huta lafiya.