Thomas Bewick da Tsuntsayen da Ya Sassaƙa a Kan Katako

Ku ɗauki misalin wani tsohon hoton mujiya, wanda a cikinsa kowane gashi na ƙirjinta ya fito daban da ɗan'uwansa. Ba da alƙalami aka zana ta ba, sassaƙa ta aka yi a kan wani guntun katako da bai wuce tafin hannu ba, kuma mai aikin shi ne Thomas Bewick, wanda aka haifa a shekarar 1753 a Cherryburn, kusa da kogin Tyne a arewacin Ingila.

Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin Ralph Beilby a birnin Newcastle, inda ake yin zane a kan azurfa da tagulla. Kafin zamaninsa, galibin masu yi wa littattafai hoton katako suna fafe allo ne da wuƙa a bisa tsawon itacen, shi ya sa layukansu kan fito da kauri. Bewick ya rungumi wata hanya, ya kuma ƙware a kanta fiye da kowa: a yanka itacen boxwood mai tsananin tauri a gicciye, kamar yadda ake datsa rake gunduwa-gunduwa, a goge fuskarsa sumul, sannan a shiga ta da ɗan ƙarfe mai tsini irin na masu zanen azurfa. Tun da babu jijiyar itace da za ta karkatar da hannu, ƙarfen yana iya bin duk inda aka nufa da shi.

Aikin yana tafiya ne kamar hatimi. Duk inda aka ƙwaƙule zai fito fari a takarda, inda aka bari kuwa shi ne zai ɗauki tawada, wato mai sassaƙa yana fitar da haske ne daga cikin duhu. Bewick yakan kuma ɗan rage tudun wasu sassan katakon domin kada injin ɗab'i ya danne su sosai, sai bishiyoyin nesa su fito dishi-dishi. Da yake kaurin katakon daidai yake da na haruffan ƙarfe, hoto da rubutu sukan bugu a lokaci guda, abin da ya sauƙaƙa farashin littafi.

A 1790 ya fitar da littafinsa na dabbobi masu ƙafa huɗu, sannan na tsuntsayen Birtaniya ya biyo baya, juzu'in tsuntsayen tudu a 1797, na ruwa a 1804. A nan ne ake gane cewa ido ya riga hannu, domin karnuka da tumaki da tsuntsayen da ya taso yana gani tamkar za su motsa, alhali wasu namun dajin ƙasashen waje, da ya kwaikwayo daga tsofaffin littattafai, sun fito a sandare. Busassun tsuntsayen gidan tarihi ma ba su gamsar da shi ba, ya fi son waɗanda abokai suka harbo suka aiko masa.

A ƙarshen babi kuma yakan saka wani ɗan mitsitsin hoto na rayuwar karkara, yara na ɓarna ko matafiyi na fama da ruwan sama, har akwai wanda ya rufe da sassaƙen zanen yatsarsa. Ya rasu a 1828, kuma bayan shekara 2 masanin tsuntsaye William Yarrell ya raɗa wa wata farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya sunan Bewick.