Tura takardar neman jami'ar Amurka da wuri: yana ƙara sa'a ne, ko kuwa?

[Hoto: wayoyi, saƙonnin WhatsApp suna shigowa ɗaya bayan ɗaya]

Duk shekara, da zarar 1 ga Agusta ta yi aka buɗe Common App, shafin da ake neman jami'o'in Amurka sama da 1,000 ta cikinsa, sai saƙon nan ya fara yawo a gurup: ku yi maza ku tura, wanda ya riga turawa shi ake riga ɗauka. Yara su rikice, iyaye su fi su rikicewa. Wani ya kwana yana rubuta maƙala cikin gyangyaɗi don kawai ya danna kafin abokinsa.

To, saƙon yana da ƙamshin gaskiya, amma abu biyu aka cakuɗa. Akwai ranar da ka danna "tura". Akwai kuma tsarin da ka zaɓa ka nema a ƙarƙashinsa. Na biyun shi ne mai nauyi.

[Hoto: kalanda, Agusta zuwa Mayu]

Bari mu yi sauri a nan. Tsarin kowa da kowa, wa'adinsa farkon Janairu ne, amsa ta zo ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ka ba da naka jawabin zuwa 1 ga Mayu. A wannan tsarin, wanda ya tura a Satumba da wanda ya tura ana gobe za a rufe, a kwando ɗaya takardunsu suke. Babu makin sammako. Jami'o'in gwamnatin jihar Kalifoniya, su Berkeley da UCLA, ba su ma da tsarin nema da wuri kwata-kwata: daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba kowa ya tura, sannan a yanke hukunci.

Akwai inda sammako ke da rana. Jami'o'i irin su Arizona State da Pittsburgh suna duba takardu ne yadda suke shigowa, suna ba da gurbi har ya ƙare. A can, eh, tura da wuri, domin kujeru da kuɗin tallafi raguwa suke yi. Wannan ba gardama.

[Hoto: shafin Common App, an zagaye wajen zaɓen tsari]

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Ku dubi wannan akwatin da kyau.

Early Action da Early Decision, tsare-tsare biyu na nema da wuri. Sunayen sun yi kama, wa'adinsu ma kusan ɗaya ne, 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa a tsakiyar Disamba. Amma na farko ba ya ɗaure ka. Ka nema da wuri, ka ji amsa da wuri, in ka ga dama ka ce na gode ka wuce wata jami'ar. Haka MIT take yi. Harvard da Yale da Princeton da Stanford su ma ba sa ɗaure ka, sai dai suna da kishi: in ka neme su da wuri, ba a yarda ka nemi wata jami'a mai zaman kanta da wuri ba.

Na biyun kuwa, Early Decision, baiko ne. Kai da mahaifinka ko mahaifiyarka da malamin da ke ba ka shawara a makaranta, duk sai kun sa hannu cewa in aka ɗauke ka, nan za ka tafi, kuma za ka janye duk sauran takardun da ka tura. Guda ɗaya tak ake nema a haka. Columbia, Cornell, Brown, Dartmouth, Penn, Duke, duk wannan tsarin suke bi.

Me ya sa jami'a za ta so wannan? Saboda ita ma tana tsoron a ƙi ta. Ɗalibin da ta ɗauka a Maris yana iya zama da tayi biyar a hannu, ya zaɓi wata. Wanda ya sa hannu a Nuwamba kuwa, kujerarsa ta cika, lissafin kuɗi ya zauna. Shi ya sa wasu daga cikinsu ke cike kusan rabin ajin sabbin ɗalibai tun kafin Janairu.

[Hoto: lambobi suna bayyana a allo]

Ga lambobin da ke ruɗa mutane. A Disamban 2023, mutum 7,921 suka nemi Harvard da wuri, aka ɗauki 692. Kusan kashi 9 cikin 100 ke nan. Da aka haɗa shekarar gaba ɗaya, cikin masu nema 54,008 an ɗauki 1,937, wato ƙasa da kashi 4. Ka ga wannan sai ka ce shi ke nan, sa'a ta ninka.

Tsaya tukuna. Su wane ne a cikin layin Nuwamban nan? Akwai 'yan wasan da kociyoyin jami'a suka riga suka nema, waɗanda kusan an gama maganarsu. Akwai 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar. Akwai yaran manyan makarantu masu kuɗi, waɗanda tun shekara biyu baya ake shirya musu takardu. Idan ka cire waɗannan, tazarar tana raguwa. Harvard da kanta tana cewa nema da wuri ba ya ƙara wa kowa komai, ƙarfin masu neman ne ya ɗaga lambar.

Ni dai, a nawa ganin, maganar jami'a ce, a saurare ta da kunne ɗaya. Wani bincike da Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser suka fitar a 2003 ya kwatanta ɗalibai masu ƙarfi iri ɗaya, ya gano nema da wuri a manyan jami'o'i yana daidai da ƙarin maki 100 a SAT, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka. Binciken ya tsufa, amma dalilin da ke bayansa yana nan. Ita kanta Harvard a 2006 ta sanar da soke tsarin nema da wuri, tana cewa yana cutar da 'ya'yan marasa ƙarfi. Princeton ta bi ta. Yawancin sauran suka ƙi bi, a 2011 duk biyun suka dawo da shi. Abin da ba ya ƙara komai, ba a soke shi saboda rashin adalci.

[Hoto: ɗalibi da mahaifinsa a gaban kwamfuta, takardun banki a gefe]

To kai da ke Kano ko Kumasi, kuma ba za ka iya tafiya ba sai da tallafi, nan ne ya kamata ka natsu. In ka sa hannu a Early Decision, ka rasa damar jera tayi uku ka ga wa ya fi ba ka kuɗi. Gaskiya ne, idan tallafin da suka bayar bai isa ba ana iya sakinka daga alkawarin, amma a lokacin Disamba ta yi nisa, sai ka koma layin Janairu da gudu. Kuma jami'o'i kaɗan ne ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. A yawancin sauran, buƙatarka ta kuɗi tana cikin lissafi, ko a Nuwamba ka nema ko a Janairu.

Sannan akwai maganar shiri. Idan kana SS3, WAEC sai Mayu, abin da ke hannunka sakamakon makaranta ne da wasiƙun malamai. In makin SAT ɗinka bai kai ba, ko maƙalarka ɗanya ce, tura ta a Nuwamba ba zai dafa ta ba. Sauri ya haifi nawa. Wasu jami'o'in suna da zagaye na biyu na Early Decision a Janairu, amsa a Fabrairu, ga wanda yake buƙatar wata biyun nan.

[Hoto: allo yana juyawa, intanet ta tsaya]

Abu ɗaya da zan yarda da masu saƙon WhatsApp a kai: kada ka kai daren ƙarshe. Ba don jami'a na ƙirga sa'o'i ba, sai don mun san halin wutarmu da intanet ɗinmu. Ba da kwana uku ko huɗu, kuma ka tabbatar malamanka sun ɗora nasu wasiƙun, domin sau da yawa nan ake makara.

Ofishin EducationUSA, na gwamnatin Amurka mai taimaka wa masu son karatu a can, da ke Abuja da Legas yana ba da shawara kan zaɓen tsarin. A bidiyo na gaba za mu buɗe fom ɗin tallafin kuɗi, CSS Profile, layi bayan layi.