Abu ɗaya, suna ɗaya: lacca kan gyaran jagorar Vim

Assalamu alaikum. 'Yan baya, kuna jina? To, madalla.

Yau zancenmu kan wani aiki ne da ba a yi wa mai yinsa tafi: bin littafin jagorar manhaja layi-layi har lafazinsa da tsarinsa su daidaita. Zan kafa misali da Vim, manhajar rubutun nan da Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar a 1991, ya kuma riƙe ragamarta har rasuwarsa a watan Agustan 2023.

Duk wanda ya buɗe Vim ya rubuta :help ya san jagorar a cikin manhajar take, rubutu zalla, ba hoto ba ado. Kada wannan ya yaudare ku, kowace alama a ciki aiki take yi. Kalmar da aka sa tsakanin taurari biyu, kamar *yank*, masauki ce. Wadda aka sa tsakanin sanduna biyu, |yank|, ƙofa ce: ka kai manuni kanta, ka danna CTRL-], sai ga ka a masaukin. In mai gyara ya ga sandunan sun yi masa muni ya share ɗaya, ya ɓatar da alamar ƙofa ke nan. In ya kafa masauki ɗaya a wuri biyu, umarnin :helptags, mai jera masaukan jagorar, zai jefo masa kuskure mai lamba E154.

Haka tsawon layi. Ku leƙa ƙasan fayilolin, za ku ga tw=78, wato kada layi ya wuce haruffa 78. Allon tsofaffin kwamfutoci haruffa 80 yake ɗauka, shi kuma ya gado ne daga katin IBM mai huji na 1928. Kun ga, katin ya mutu, wasiyyarsa na nan.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne lafazi. Malamanmu na insha'i, Allah ya saka musu, sun hore mu da cewa maimaita kalma talauci ne, a riƙa canzawa. A jagora wannan horon guba ne. Vim ya raba abu uku: buffer shi ne rubutun fayil da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura, window tagar da ake leƙensa ta ciki, tab page kuma tarin tagogi. Ka musanya ɗaya da ɗaya don jimla ta yi daɗi, ka ɓatar da mai karatu. Ga wani abin dariya: a Vim, yank kwafa ne; a Emacs, wata manhajar rubutun ta su Richard Stallman, yank liƙawa ne. Abin da Emacs ke kira frame, shi yawancin manhajoji ke kira window. Maɓallan da Vim ke rubutawa CTRL-W, Emacs na rubuta su C-w. Mai gyaran da ya taso a wancan gida ya shigo wannan, sai ya tuɓe takalminsa a zaure.

Ni ma na sha kunya. Na taɓa rubuta wa ɗalibaina 'yar jagora da Hausa. A shafin farko na ce "danna", a na gaba "latsa", can kuma "taɓa". Wata ɗaliba ta same ni, takardar a hannunta duk ta ja layi da jan biro, ta ce, "Malam, latsawa ta fi dannawa ƙarfi ne?" Wallahi da gaske take, kuma ita ke da gaskiya: kalma uku ta gani, ta zaci aiki uku ne. Daren nan na ware shafi guda na jera kalmomin da na tsayar, na bi sauran da bincike ina tsincewa. "Ajiye" da "adana" kaɗai sun ci mini awa guda.

Wanda zai aika gyara zuwa ma'ajiyar Vim a GitHub, shafin intanet da ake haɗa hannu wajen gina manhajoji, ya raba kayansa biyu: gyaran tazara da tsawon layi daban, canjin kalma daban. In ka cakuɗa su, mai dubawa zai ga layi ɗari sun motsa, ya kasa gano guda ukun da ma'anarsu ta canza.

Wa ke da kwamfuta a kunne? Yauwa, ɗan'uwa mai farar hula. Rubuta :help help-writing, ka juyo mana allon, mu karanta tare kafin a kira la'asar.