Amaryar Cikin Waya: Me 👰 Take Nufi?

Assalamu alaikum. Ku kalli wannan 'yar alamar: 👰. Gab da azumi, lokacin da bukukuwa ke yawa a Gombe, duk sitatus ɗin da ka buɗe a WhatsApp sai ka ci karo da ita.

Amarya ce cikin lulluɓi. A shekarar 2010 aka sanya ta cikin Unicode, tsarin da ke sa alama ɗaya ta fito a kowace irin waya. Shigarta ta Turawa ce, farin kaya da ɗan mayafi shara-shara, salon da ya bazu bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure cikin farar riga a 1840. Amaryarmu kuwa, ranar kai ta ɗaki, ko fuskarta ba ka gani, tana cikin lafaya tana kuka, gwaggo na riƙe da hannunta. Amma da yake babu wata a wayar, da ita muke amfani.

Yarinya a unguwar Jekadafari ta Gombe za ta sa hoton ƙawarta ta rubuta "saura kwana goma 👰", kowa ya gane an sa rana. Mai lalle da mai kwalliya da tela suna liƙa ta a tallarsu, wato aikin amare suke yi. A gurup ɗin anko kuma, da zarar ta bayyana, ki shirya kuɗin atamfa. Wani lokaci tsokana ce kawai: an ga kin yi gayu, sai a turo miki ita da "amarya ba kya laifi".

A nan ne sai an yi hattara. Kada ki ɗora ta kan hoton budurwar da ba a kawo kuɗin gaisuwarta ba. Kafin la'asar magana ta kai kunnen baffanninta, ke kuma a ce ke kika fasa ƙwan.

Danna ta ka riƙe, za ka ga launukan fata guda biyar da aka ƙara a 2015, sai ka zaɓi wanda ya yi kama da amaryar taku. Sannan ka buɗe ido da kyau, domin tun 2020 akwai ta mace, akwai ta namiji mai lulluɓi. Ta ango ita ce mai kwat, 🤵. Abokan ango, ku duba kafin ku tura, in ba haka ba har bayan walima ana yi muku dariya.