Kafin ka fara yanka, sa alama: laccar da aka yi wa masu koyon tace bidiyo

Assalamu alaikum. Na ga yawancinku da aikin biki kuka fara, don haka da shi za mu yi misali.

An kawo maka katin memori uku daga kyamara biyu: kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya. Abin da sabon edita yake yi shi ne ya zuba komai a kan layin tacewa, wato inda ake jera hotuna a manhaja, ya hau yanka. Bayan kwana biyu uwar amarya ta bugo waya, ta ce a tabbata an sa wurin da kakar yarinya take sa albarka. Shi kenan, sai ya koma laluben hoton awa shida daga farko. Wahalar da alama take raba ka da ita ke nan.

Tun daga kwafe kati ake fara tsari. Kyamarar Sony tana ba fayil suna irin C0001, ta Canon kuma sau da yawa MVI da lamba. Idan kyamarori biyu iri ɗaya ne, za ka iya samun fayil biyu masu suna ɗaya. To kowane kati da foldarsa: kwanan wata, sunan taro, lambar kyamara. Kuma da zarar ka shigar da su cikin Premiere Pro ko DaVinci Resolve, kada ka koma folda ka sake musu suna ko wuri. Manhajar ba ta haɗiye hoton ba, hanyar da za ta bi ta same shi kawai ta riƙe. Ka taɓa, sai jan allo mai nuna ba a ga hoton ba ya tare ka.

Sannan ka zauna ka kalli komai. Komai fa. Yatsu uku a kan maɓallan J, K da L: baya, tsayawa, gaba. Ka danna L sau biyu, ya ƙara gudu. Inda ka ga abin kirki, I ya kama farko, O ya kama ƙarshe, M ya sa alama. Ka sake danna M, akwatin rubutu ya buɗe.

A nan nake so mu daɗe. Alamar da ba a rubuta mata komai ba, ba ta da amfani. Nakan buɗe aikin yaro in ga korayen alamomi sun yi jere, in tambaye shi wannan fa, ya sosa ƙeya. Kada ka rubuta "mai kyau". Rubuta "kaka tana addu'a, murya ta fita", ko "ango ya shigo, hoto ya ɗan girgiza". Launi ma ka ba shi aiki, kuma kada ka canza: ja matsalar sauti, shuɗi abin da mai aiki ya ce lallai a sa. Kowa a shagonku ya san wannan ka'ida, domin ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai wani ne zai ƙarasa.

Wani tarko kuma. Alama iri biyu ce: ta jikin hoton da ta kan layin tacewa. Ta jikin hoto tana binsa duk inda ka kai shi. Ta kan layi takan tsaya inda ka bar ta, don haka in ka cire minti biyu a baya, sai ta koma nuna wani wuri daban, sai dai in ka kunna zaɓin da ke sa ta matsa.

Wata malama a baya ta yi tambaya kan manhajar Final Cut Pro. Can F ne yake ware abin da ka so, sannan ana liƙa wa yanki kalmar nema. Masu fim mai dogon zango kuwa, ku jera akwatunanku, wato foldojin cikin manhaja, bisa lambar fitowa da ta ɗauka kamar yadda aka rubuta a allon da ake kaɗawa gaban kyamara, ba bisa ranar da aka je lokeshan ba, tunda ba a jere ake ɗaukar labari ba.

Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa, mu fara da katin farko.